Dokta Rupert East: Baturen da ya sa wa haruffan Hausa ƙugiya

Duk wanda ya buɗe jaridar Hausa a yau, ko ya karanta sanarwa a allon ofis, ko ya duba kalandar da wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta buga, zai ci karo da haruffa uku waɗanda babu su a Ingilishi, wato ɓ da ɗ da ƙ. Sabo ya sa ba a cika tambayar inda suka fito ba, har wasu na zaton tare da boko suka iso ƙasar Hausa. Alhali kuwa an shafe kusan shekara casa'in ana rubuta Hausa da haruffan Turawa kafin waɗannan uku su sami gindin zama. Mutumin da aka fi danganta tabbatuwarsu da shi shi ne Dokta Rupert Moultrie East, jami'in ilimi na zamanin mulkin mallaka, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Zariya. Masu nazarin adabi sun fi saninsa da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Amma aikinsa da ya fi shiga rayuwar jama'a ta yau da kullum shi ne wanda ya shafi siffar harafi a kan takarda.

Asalinsa da zuwansa Arewa

An haifi Rupert East a Ingila a shekarar 1898, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, sa'an nan ya zo Nijeriya ta Arewa a cikin shekarun 1920 a matsayin jami'in ilimi. Lokacin da ya iso, makarantun boko a Arewa ba su wuce na yara masu rarrafe ba. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina kuma ta fara horar da malamai a farkon shekarun 1920. Akwai ɗalibai, akwai malamai, amma abin karantawa da Hausar boko kaɗan ne ƙwarai. Yaro zai koyi haɗa baƙi da wasali, ya gama, ya rasa littafin da zai ɗauka ya ji daɗinsa.

East bai tsaya ga Hausa kaɗai ba. Ya yi hulɗa da ƙasar Tibi, ya san harshensu har ya fassara tarihin Tibi wanda Akiga Sai ya rubuta, aka buga fassarar da Ingilishi a 1939. Wannan aiki ya nuna wata ɗabi'a da ta bi shi har ƙarshen zamansa a Nijeriya, wato ya fi son ɗan ƙasa ya rubuta da harshensa, shi kuma ya tsaya a baya yana gyara, yana neman hanyar bugawa.

A 1929 gwamnati ta kafa Hukumar Fassara a Kano, daga baya aka mai da ita Zariya, East ya zama shugabanta. Shi da malaman da ke aiki tare da shi suka fassara littattafai daga Larabci da Ingilishi zuwa Hausa. Cikinsu akwai Dare Dubu da Ɗaya, da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka tattaro daga tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan, har da tarihin sarakunan Kano. A 1933 aka faɗaɗa aikin hukumar, aka sauya mata suna zuwa Hukumar Talifi, domin ta wuce fassara ta shiga samar da sababbin littattafai.

Halin da ya tarar da rubutun boko

Kafin zuwan Turawa, Hausawa sun daɗe suna rubuta harshensu da ajami. Malaman ajami sun lura da cewa akwai sautukan Hausa da Larabci bai da su, suka kuwa nemo musu mafita daga cikin haruffan da ke hannunsu. Suka ware kaf lasan domin k, ƙaf wau domin ƙ, suka bar dal domin d, suka ɗauki ɗa mai hannu domin ɗ. Saboda haka almajirin da ya iya ajami ba ya rikita kafa da ƙafa.

Turawan farko da suka rubuta Hausa ba su sami wannan dacewa ba. James Frederick Schön, ɗan mishan Bajamushe wanda ya fitar da jerin kalmomin Hausa a 1843 da ƙamus a 1876, kunnensa bai rarrabe waɗannan sautuka yadda ya kamata ba. Waɗanda suka biyo bayansa suka gane akwai bambanci, amma kowa ya bi tasa hanyar wajen nuna shi. Wasu suka riƙa ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka riƙa sa waƙafi a samansa ta gaba ko ta baya. Vischer ya tsara ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, aka bi su a makarantu. Babban ƙamus na G. P. Bargery, wanda ya fito a 1934, da waƙafin sama ya nuna waɗannan sautuka.

Kowace hanya cikin biyun tana da illa. Ɗigon ƙarƙashi ƙarami ne, yakan ɓace idan tawada ta yi ƙaranci ko takarda ba ta da kyau, mai rubutu da hannu kuma yakan manta da shi. Waƙafin sama yana yanka kalma gida biyu, ga shi kuma yana da wani aikin dabam a Hausa, kamar a cikin sa'a da jama'a da ma'aikata. Idan aka haɗa ayyukan biyu a kan alama ɗaya, shafi yakan cika da tsirarun alamomi har ido ya gaji. Ga wanda ke son yara da manya su karanta labari a guje, ba tare da tuntuɓe ba, wannan babbar matsala ce.

Yadda ƙugiya ta samu

A daidai wannan zamani, a Turai ana ta muhawara a kan yadda ya kamata a rubuta harsunan Afirka. A 1926 aka kafa wata cibiya ta nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan, Vischer yana cikin jagororinta, tare da masanin harsuna Bajamushe Diedrich Westermann. Ra'ayin da cibiyar ta tsaya a kai shi ne kowane sauti a ba shi harafinsa guda, a rage dogaro da ɗige-ɗige da alamomin da ake liƙa wa harafi. East ya karɓi wannan ra'ayi, ya yi shawara da Westermann, ya tsaya kai da fata har aka amince a lanƙwasa kan b da d da k domin su wakilci sautukan Hausa. Kafin shekarun 1930 su ƙare, haruffa masu ƙugiya sun shiga abin da ake bugawa daga Zariya.

Hikimar wannan zaɓi ita ce alamar ta zama ɓangaren jikin harafin. Ba a ɗaga alƙalami a dawo a sa ta, ba ta kuma faɗuwa ta bar harafin tsirara. Wanda ya saba da b zai gane ɓ nan take, ya kuma gane cewa 'yan uwa ne amma ba ɗaya ba ne. A ƙananan haruffa ƙugiyar tana lanƙwasowa daga sama zuwa dama. A manyan Ɓ da Ɗ tana fitowa ta hagu, a babban Ƙ kuwa hannun sama ne ake tanƙwarawa.

Yanke shawara abu ne mai sauƙi idan aka gwada shi da aiwatarwa. A wancan zamani yawanci da haruffan ƙarfe ake buga littafi, irin dabarar da Johannes Gutenberg ya fito da ita a birnin Mainz na Jamus wajen 1450. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne da aka gauraya da wasu ƙarafa domin ya yi tauri, aka zuba shi a cikin mazubi. Mai jera haruffa yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a juye, a shafa tawada, a danna takarda. Sabon harafi yana bukatar sabon mazubi, kuma a Turai ake sassaƙa shi. Haruffa uku, kowanne da babba da ƙarami, sun zama shida. Idan ana son su a tsaye, da masu gwaɓi, da masu karkata, sun zama goma sha takwas, kuma wannan a girma ɗaya ne kawai. Kanun labari yana da girmansa, jikin labari yana da nasa, littafin 'yan aji ɗaya yana da nasa. Kowane ɗaya kuɗi ne, a lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, gwamnatin mulkin mallaka kuma tana tsuke bakin aljihu. Wannan ne ya sa nacin East ya zama abin ambato.

Gasar 1933 da haɗuwarsa da Abubakar Imam

Harafi ba ya kafuwa sai an sami abin da mutane ke marmarin karantawa da shi. East ya fahimci haka, shi ya sa a 1933 ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Bai sami abin da sauƙi ba, domin a wurin malaman wancan lokaci rubutu abu ne na addini da ilimi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Duk da haka gasar ta haifar da littattafan da har gobe ake karantawa a makarantu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar, Jiki Magayi, East ne da kansa ya rubuta shi tare da John Tafida Umaru.

Cikin waɗannan marubuta, Abubakar Imam ne ya fi jan hankalinsa. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa ne a Makarantar Midil ta Katsina. A 1936 East ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, Imam ya narkar da su ya zuba su a cikin mazubin Hausa, aka sami Magana Jari Ce littafi uku. Daga baya su biyun suka haɗu suka rubuta Ikon Allah, wanda ke bayanin halittu da al'amuran duniya. East ya kuma tsara wasu gajerun wasannin kwaikwayo guda shida, waɗanda ke cikin na farko da aka buga da Hausa.

A wajen gyaran waɗannan littattafai ne aka daidaita abubuwa da yawa da marubucin yau ke bi ba tare da tunani ba: inda ake raba kalma da inda ake haɗa ta, yadda ake sa aya da waƙafi, yadda ake tsara zance tsakanin mutum biyu a shafi. Ɗalibin da ya karanta labarin aku da Sarki Abdurrahman ya koyi ƙa'idar rubutu ba tare da an kira ta da sunanta ba.

Gaskiya Ta Fi Kwabo da kamfanin Tukur-Tukur

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam yana editan Hausa, East yana kula da ita. Kwabo ɗaya ake sayar da ita. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus ta Hitila. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a cikin wannan shekara, jaridar ta zama hanyar da mutanen Arewa ke jin labarin fagen fama da na 'ya'yansu da aka ɗauka soja. Wasiƙun masu karatu suka riƙa zuwa daga lardi-lardi, mutane suka fara ganin sunayensu da na garuruwansu a buge. Domin waɗanda ba su iya boko ba, an riƙa haɗawa da wata 'yar takarda ta ajami mai suna 'Yar Gaskiya.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da maɗaba'arsa da gidajen ma'aikata, East ya zama shugabansa na farko. Burinsa shi ne a sami wuri guda inda marubuci da edita da mai jera haruffa da mai ɗaure littafi za su zauna tare, 'yan ƙasa da Turawa, aikin kuma ya riƙa ɗaukar nauyin kansa. Daga nan ne jaridar Nigerian Citizen ta fito a 1948, wadda New Nigerian ta gaje ta a 1966. Mutane irin su Nuhu Bamalli sun yi aiki a wannan gida kafin su shiga siyasa. Mafi muhimmanci ga batun haruffa shi ne, daga wannan lokaci akwai maɗaba'a a cikin ƙasar Hausa wadda ɓ da ɗ da ƙ ke cikin akwatunanta a matsayin 'yan gida.

Masu ƙafa, marasa ƙafa da masu karkata

Domin a gane nauyin abin da East ya bari, ya kamata a san cewa haruffan bugu iri-iri ne, kowane iri da aikinsa. Akwai masu ƙafa, wato waɗanda ke da 'yan ƙananan layuka a ƙarshen kowane zane, irin waɗanda aka saba gani a jikin littattafai. Akwai marasa ƙafa, waɗanda zanensu ke ƙarewa a miƙe ba ado, kaurinsa kusan ɗaya daga sama har ƙasa. Akwai kuma masu karkata zuwa dama, waɗanda wasu ke kira rubutun tsutsa.

Masu karkata sun girmi marasa ƙafa nesa ba kusa ba. Aldus Manutius, mai maɗaba'a a birnin Venice na Italiya, shi ya fara buga littafi da su a 1501, wani gwanin sassaƙa mai suna Francesco Griffo ya yi masa su, yana kwaikwayon rubutun hannun malaman zamaninsa. Da farko littafi sukutum ake bugawa da su, daga baya aikinsu ya koma na ware kalma daga 'yan uwanta. Marasa ƙafa kuwa sun fara bayyana a Ingila a 1816, amma ba su yi tashe ba sai a ƙarni na ashirin, daidai lokacin da East ke tasowa. Edward Johnston ya zana wa jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan irinsu a 1916, Paul Renner ya fitar da Futura a Jamus a 1927, Gill Sans na Eric Gill ya biyo baya a 1928, Helvetica kuma ya fito a Suwizalan a 1957.

Da aka zo haɗa siffofin biyu, wato harafi marar ƙafa kuma mai karkata, sai masu zane suka rabu biyu. Wasu suka ɗauki harafin tsaye suka kishingiɗar da shi kawai, wajen digiri 10 zuwa 12, kamar yadda aka yi wa Helvetica. Wasu suka sake zana shi ya yi kama da rubutun hannu, har harafin a ya sauya siffa ya zama mai ciki ɗaya, kamar yadda yake a Gill Sans. Na farko ya fi dacewa da alluna da tambarin kamfani da jikin mota, inda ake son a nuna sauri da zamananci. Na biyu ya fi daɗin karatu a cikin jimla. A rubutun Hausa ana amfani da masu karkata wajen sunan littafi ko jarida, da kalmar Larabci ko Ingilishi da ba ta zama 'yar gida ba, da bayanin da ke ƙarƙashin hoto, da kalmar da ake son a ƙarfafa. Ba a son a buga dogon sakin layi da su, domin suna gajiyar da ido.

A nan ne ƙugiyar East ke jarraba gwanintar mai zane. Harafi marar ƙafa ba shi da wani ado, saboda haka ƙugiya takan fito fili sosai, abin da ya sa irin wannan harafi ya dace da littafin koyon karatu da allon gefen hanya. Amma idan aka karkatar da shi, ƙugiyar ɗ takan leƙa kan harafin da ke biye, har ta nemi haɗuwa da ɗigon i a kalmomi irin su kuɗi da faɗi. Inda harafin ya zo biyu a jere, kamar a haƙƙi da buɗaɗɗe da ruɓaɓɓe, sai an bar isasshen fili kafin kalmar ta karantu. Mai shago da zai ba da aikin allo, ko ma'aikacin da zai zaɓi harafin takardar ofis, zai iya gwada kowane salo da waɗannan kalmomi kafin ya biya kuɗi.

Daga Zariya zuwa yammacin Zamfara

A zamanin East, ƙasar Zamfara tana cikin Lardin Sakkwato. Layin dogo daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya zama hanyar gyaɗa da auduga, ya kuma sauƙaƙa isar jarida da littafi. A shekarun 1950, da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, Lardin Sakkwato yana da tasa mai suna Zaruma. Ta wannan hanya haruffa masu ƙugiya suka shiga azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka.

Abin da ya faru a yammacin Zamfara a 2010 ya isa ya nuna cewa wannan 'yar lanƙwasa ba ado ba ce. A wannan shekara aka gano gubar dalma a Dareta da wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa. Duwatsun suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsu ta gauraya da ƙasar tsakar gida, yara suka shaƙa suka kuma haɗiya. Yara fiye da 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Wasu daga cikin kalmomin da ke tsakiyar wannan musiba masu ƙugiya ne. Idan aka rubuta gargaɗi cewa a nisanta yara daga ƙura, aka yar da ƙugiyar, kura aka ambata. Idan aka ce a daina daka dutse a ɗaka, ƙugiya ce kaɗai ta raba aikin da wurin. Wanda ya ƙware a karatu zai gane manufa daga sauran jimlar, amma wanda ke haɗa baƙi da ƙyar, wanda kuma shi aka fi nufi da saƙon, zai tsaya yana juyayi. Haka abin yake a kasuwar Gummi ko a sakatariya a Gusau: kaya da ƙaya, baki da baƙi, fada da faɗa, bari da ɓari.

Abin da ake sukarsa da shi

Aikin East bai tsira daga suka ba, kuma sukar tana da tushe. Na farko, duk ƙoƙarinsa yana cikin tsarin mulkin mallaka ne, wanda tun zamanin Lugga ya zaɓi boko ya ture ajami daga ofis da makarantar gwamnati. Ƙarfafa boko ya sa dubban malamai da almajirai masu karatu da rubutu suka wayi gari ana lissafa su cikin jahilai. Ingancin littattafan Zariya ya ƙara wa wannan rashin adalci ƙarfi, ko da ba shi ne nufin mai aikin ba.

Na biyu, daidaitacciyar Hausar da aka gina ta fi jingina da karin Kano. Bazamfare ko Basakkwace da ke cewa shina zuwa, ko ɗiya a inda Bakano ke cewa 'ya, ya tarar da harshen gidansu ba shi ne na littafi ba. Na uku, tsarin bai nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya ba, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da rubutu ɗaya, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. An bar su ne domin sauƙin bugu da sauƙin koyo, Bahaushe kuma yana warware su daga ma'anar jimla, amma baƙon harshe yana shan wuya. Akwai kuma sauti na huɗu da ya rage da waƙafin sama a Nijeriya, wato na 'ya'ya, wanda a Jamhuriyar Nijar ake rubuta shi da ƴ mai ƙugiya.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya bari

East ya bar Nijeriya a farkon shekarun 1950, ya koma gida. Ya rasu a 1975, shekara shida kafin rasuwar abokin aikinsa Abubakar Imam a 1981. Aikin daidaita rubutu ya ci gaba a hannun Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da masanan jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. An gyara abubuwa da dama, amma haruffan nan uku sun tsaya yadda ya bar su. Kamfanin NNPC na buga littattafai, wanda aka kafa a Zariya a 1966, ya ci gaba da fitar da littattafan da aka fara a zamaninsa.

Barazanar da suka fuskanta daga na'ura ta zo. Yawancin tafiretocin ofis na Ingilishi ne, sai mai bugu ya gama ya bi da biro yana lanƙwasa kawunan haruffa, ko ya bar su haka. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da jerin haruffa guda domin harsunan Nijeriya, har shahararren mai zanen haruffa Bajamushe Hermann Zapf ya sa hannu. Da kwamfuta ta zo, tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikinsu lambarsa, amma ba kowane salon harafi ne aka zana masa su ba. Shi ya sa wani lokaci akan ga ƙ ta fito da siffa dabam a tsakiyar kalma, domin na'ura ta aro ta daga wani salo, ko a ga ɗan akwati a gurbinta. An fi ganin wannan a masu karkata da masu gwaɓi, waɗanda masu zane kan manta da su. Salo irin su Noto Sans na kamfanin Google, da Andika wanda aka zana musamman domin masu koyon karatu, suna da su cikakku, kuma kyauta ake samun su. Wayoyin hannu na yanzu ma suna da allon rubutun Hausa ga wanda ya shiga saiti ya zaɓa.

Abin da ya ci wa East kuɗi da shekaru da wasiƙu zuwa Turai, yau danna maɓalli ɗaya ne. Duk da haka ana ganin allunan shaguna da takardun hukuma da saƙonnin waya da aka rubuta kudi da kasa da bata, ba ƙugiya ko ɗaya. Ɗan kasuwar da ke ba da aikin bugu yana da ikon ya ƙi karɓar allon da aka rubuta sunan shagonsa ba daidai ba, kamar yadda ba zai karɓi rasit mai kuskuren lissafi ba. Ma'aikacin da ke tsara sanarwar asibiti ko ta zaɓe ko ta haraji yana da ikon ya duba salon harafin kafin takarda ta fita. Makomar haruffan nan uku a hannun irin waɗannan mutane take yanzu.